Shekarar da Arzika Ya Auna Gonar Aro

Shekarar da muka bar gonar kwari ta yi wuya. Wadda ta biyo ta ta fi ta wuya, kuma ban ga amfanin in yi muku ado a kan wannan ba. Kun tashi kuna jin ana faɗi a ƙofar gidaje wai ubanku ya ba da fadama ya karɓi jigawa. Wasu su ce girman kai ne, wasu su ce ƙanena Arzika ne ya cinye gonar da alƙalami. Na taɓa jin ɗayanku yana maimaita haka a bakin rijiya yana dariya, bai san ina bayan darnin kara ba. Ban ce mishi komi ba ranar. To ga maganar yanzu. Rubutuna ba shi da kyau, don ban daɗe a lakwal ba, wato makarantar boko, kuma rabin abin da na iya a karatun manya na ƙaro shi. Wanda ya ga kuskure shi gyara a ranshi shi wuce.

Ku fara sanin cewa gonar ba tamu ba ce, ba ta taɓa zama tamu ba. Kakanmu daga Kabi ya taso wata shekarar yunwa, tun Nasara ba su gama raba ƙasa tsakaninsu ba, ya sauka ƙauyenmu nan kudu da Kore Mairuwa da mata da jaki. Gidan su Baba Tankari su suka haƙa rijiyar farko, don haka kwari nasu ne. Uban Baba Tankari ya nuna ma kakanmu wani yanki inda ruwa ke kwana, ya ce noma ka ci. Aro ke nan. Aron gona a wajenmu yana da ƙa'ida, kuma ba a zaunar da yaro a karanta mishi ita, gani ake a tashi da ita. Ba ka dasa itace. Ba ka haƙa rijiya. In an yi girbi ka ɗauki dami ka kai ƙofar mai gona, ba don yana bukata ba, don idon gari shi gani. Sannan ba ka zagaya iyaka. Ka shiga ta inda ka so, ka yi noma har bakin gamba, amma bin layin gambar nan daga kusurwa zuwa kusurwa har ka komo inda ka fara, wannan tafiyar mai gona ce. Shi ke yin ta in ruwan shuka ya sauka, da sandarshi, ɗiyanshi maza na biye. Ƙafar da ta zagaya gona ta ce tata ce. Haka kakanmu ya zauna, haka ubanmu ya zauna har ya rasu, ba a taɓa jin kanmu da su ba. Mai wucewa zai rantse gonar tamu ce. Mu ma mukan manta, sai ranar dami.

Ni aka fara kamawa lakwal. Lokacin kamu ake yi: mai gari shi ba da sunaye, gardi, ɗan sandan Nasara, shi zo shi kora yara gaba. Manyan gidaje su ɓoye nasu cikin rumbu, sai a cike da ɗiyan baƙi irinmu. Ban daɗe ba ubanmu ya rasu, aka sako ni don babu namiji babba a gida, aka ɗauki Arzika, autan Inna, a madadina. Ni karatu bai kama ni ba. Shi kuwa kamar ka zuba ruwa a rairayi. Ya gama na Dogon Dutsi, ya ci jarrabawar sartifika, sai ga labari an zaɓe shi zuwa kolej a Yamai. Inna ta yi kuka ranar, kuma ba na murna ba ne.

Hutun daminarshi na biyu shi ya kawo maganar. Ya sauko daga kamyo, babbar motar kaya, da akwatin ƙarfe, ya ƙara tsawo, wuyanshi ya rame. Bayan la'asar muna zaune gindin rumbu na tambaye shi abin da ake koya musu can wanda ba a koya a Dutsi ba. Ya ce a kolej kowane karatu da mushenshi, haka suke kiran malami. Akwai mai lissafi. Akwai mai istuwar da jewografi, wato labarin mutanen da suka wuce da labarin ƙasar da suka zauna a kanta. Akwai kuma mai angale, harshen Ingila. Inna tana tsince yakuwa, ba ta ɗaga kai ba ta ce:

"Harshen Nasara guda bai ishe ka ba, sai ka ƙaro na maƙwabcinshi? Baki guda gare ka."

Uwarku Tani, da yake akwai wasa tsakaninta da ƙanen miji, ta ce:

"To mijin, yaya ake ce ma tuwo da angalen naka?"

"Ba su da tuwo."

"Shi ya sa suka baro garinsu."

Har Inna sai da ta yi dariya.

Zan faɗi gaskiya, ni na so karatun nan, ko da yake a bakin wani nake jin shi. Muna noma kafaɗa da kafaɗa yana ba ni labarin kogunan da ke daskarewa har jaki shi taka su, da wani sarki da talakawanshi suka yanke ma kai. Wata rana ya tsaya ya jingina da hauya ya nuna gabas, ya ce layin da ya raba mu da Kabi wasu ne suka ja shi a kan tebur, mutanen da ba su taɓa shan ruwan rijiyarmu ba. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ni da na ɗauka iyakar nan kamar dutse take, Allah ya aje ta. Tun daga ranar in ya yi shiru a gona sai in tsokane shi, in ce mushe, yau babu istuwar?

Mushen nasu na istuwar wani saurayin Nasara ne, sabon zuwa. Wai ya ce ya gaji da koya ma yara kogunan Faransa alhali ba su san labarin rijiyar garinsu ba. Sai ya ba su aikin hutu: kowa shi zana ƙauyensu, da rijiyoyi, da gonar da gidansu ke nomawa, shi auna ta da taki, kuma shi tambayi tsofaffi wa ya fara zama. Har yau ban ga mugun nufi a ciki ba. In ka duba ma abu ne mai kyau. Sai dai mutumin bai san aro ba, kuma Arzika ma bai sani ba. Tun yana ƙarami ruwan shuka a lakwal yake iske shi, hutu sai hatsi ya kai gwiwa, don haka bai taɓa ganin Baba Tankari yana zagayar nan da sandarshi ba. Ya san muna kai dami. Ya ɗauka kyautar girmamawa ce.

Ranar na tafi kasuwar Kore Mairuwa wajen maƙeri. Da hantsi Arzika ya ɗauki takarda ya nufi kwari. Ya fara daga kusurwar gabas, ya bi gamba, yana ƙirga taki da ƙarfi da harshen Faransa, yana tsayawa yana rubutawa, har ya komo inda ya fara. Matan gidan Baba Tankari suna nan kusa suna tsinkar tafasa, suka miƙe tsaye suna kallo. Har gaishe su ya yi. Daga nan, da ladabinshi, ya wuce zauren tsohon ya durƙusa, ya tambaye shi wa ya fara zama a garin, wa ya ba kakanmu gonar, wace shekara, kuma akwai waɗanda suka shaida? Tsohon ya sa aka kawo mishi ruwa. Bai amsa ko ɗaya ba. Abin da ya tambaye shi kawai, mi kuma ake koya muku a Yamai? Yaro ya ce har da harshen Ingila, na masu mulkin Kabi. Ya komo gida yana ce ma Inna Baba Tankari ya tsufa, ya fara mantuwa.

Kashegari aka aiko kirana. Na iske tsohon shi kaɗai, ya kori kowa, wannan kuwa mutunci ya yi mini. Bayan gaisuwa ya ce:

"Nomau, ubanka ya taɓa zagaya gonar nan?"

"A'a, Baba."

"Kakanka fa?"

"Ban ji ba."

"To jiya an zagaya ta. Da takarda."

"Baba, aikin lakwal ne. Yaro ne, bai sani ba."

"Na san bai sani ba. Da ya sani da na fi samun kwanciyar rai, sai in kira ka in ce ka ja mishi kunne. Wanda ya aiko shi fa, shi ma bai sani ba?"

Na ce in takardar ce, yanzu in je in kawo ta a ƙone ta gabanshi. Ya girgiza kai.

"Ka ƙone ta hannu, ta kai fa?"

Sannan ya ba ni labarin wata shari'a da ya taɓa zama a cikinta gaban wani kumandan, Nasaran da ke mulkin yanki. Mutum ya zo da tsofaffi shaidu, kowa ya san kakanshi ya sare dajin. Abokin shari'arshi ya zo da takarda guda. Tsofaffin suka yi ta magana, tafinta yana gajarta ta, takarda kuwa aka karanta ta duka. Mai takarda ya tafi da gona.

"Bana ya auna," in ji shi. "Baɗi shi zo da harshen mutanen Kabi. Wata shekara shi komo da hular gwamnati. Ban ce shina da mugun rai ba, ɗan kirki ne, na ga durƙusonshi. Amma ni na tsufa, kuma cikin ɗiyana babu wanda ya san baƙin rubutu. Ranar da ba ni, wa za shi tsaya gabanshi, ko gaban ɗanshi?"

Ya ce abu biyu ne. Ko yaro shi zauna gida shi riƙe hauya kamar kowa, gona ta zauna hannunmu har jikoki. Ko shi koma Yamai, mu cire amfaninmu na bana mu bar mishi wurinshi. Ya ce ba faɗa ba ne, kuma ina da lokaci har girbi. A kolej babu kamu, wanda bai koma ba share sunanshi ake. Don haka maganar a hannuna take, ni babban gida.

Gidanmu bai sake zama daidai ba duk daminar nan. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, kuma ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba. Sai ta juya wajen Tani tana magana ina zaune.

"Ki gaya ma mijinki gumin ubanshi na cikin kwarin nan. Ki ce mishi an karɓe mini ɗa tun bai iya ɗaura wando ba, yau Allah ya komo mini da shi ta hannun Tankari, kar shi tsaya tsakani."

Tani lokacin tana da ciki. Ita ba ta yi dogon zance ba. Muna dawowa daga gona ta ce:

"Mai gida, ni ban ƙi karatu ba. Amma abin da ke cikina ba istuwar za shi ci ba."

Arzika kuwa, ranar da ya gane abin da ƙafarshi ta yi, ya zo ya same ni bayan gida ina ɗaure jaki.

"Yaya, na zauna. Ba sai an sake magana ba."

"Ba a tambaye ka ba tukun."

"Ni na ɓata, ni zan gyara."

Ya tura akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadon Inna. Daga ranar kafin in tashi ya riga ni gona. Ba za ku ji na ce bai iya noma ba, ya iya, har ya fi ni sauri a maimai. Sai dai bakinshi ya rufe. Na ce mushe, yau babu istuwar? Ya ce babu, ya ci gaba da sara. Abin da ya tsorata ni ke nan, na ga zai iya. Zai zauna, shi yi aure, shi yi shiru, bayan wasu shekaru ka gan mu tare ba ka bambance mu.

Na nemi hanya ta uku. Na je wajen liman, ya ce mai abu ya fi ƙarfin roƙo, ƙasarshi ce. Na je wajen mai gari, ya ce ba shi shiga tsakanin mai rijiya da baƙonshi, amma in ta kai ga haka akwai jigawa bayan burtalin Fulani, dajin Allah ne, ba wanda ke so, in sare abin da zan iya. Na san wurin. Rairayi ne fari, sabara ce kaɗai ke jin daɗinshi.

Kada ku ɗauka na yi lissafin Arzika zai zama babban mutum shi ciyar da mu. Ban yi ba, kuma bai faru ba yadda mutane ke zato. Abu biyu na yi ta juyawa ina noma. Na farko, gonar da za a iya karɓewa saboda ƙafar yaro, wata rana za a karɓe ta saboda wani abu daban, in ba a hannun Baba Tankari ba, a hannun ɗanshi. Kakanmu da ubanmu sun zauna lafiya don ba su taɓa son abin da mai gona ba shi so ba. Na biyu ya fi nauyi. Tsohon nan ba wawa ba ne. Ya ga fari, ya ga yunwa, ya ga aikin tilas, ban taɓa ganin tsoro a idonshi ba sai ranar da yake maganar takarda. Tsoronshi ne ya nuna mini girman abin da ke ƙarƙashin gadon Inna. In dai zamanin da ke tafe haka yake, wanda ake gajarta maganar tsoho a karanta takarda duka, to ban so gidanmu shi shige shi babu ko mutum guda da ya san abin da ke cikin takarda.

Ko na yi daidai, ban sani ba. Abin da ya biyo baya dai na san shi. Jigawa ba ta ba mu rabin abin da kwari ke bayarwa ba. Awakinmu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Na fara zuwa cin rani ƙasar Ingila, wato ƙetaren iyaka wajen Kabi, ina dakon kaya a kasuwa, inda ban taɓa bukatar kalma guda ta angale ba. Cikin da Tani ke ɗauke da shi mace ce, yayarku da ba ku sani ba. Ta rasu a damina ta biyu, rumbu na wofi. Zazzaɓi aka ce. Ban ce yunwa ta kashe ta ba, ban kuma ce babu hannunta ba. Uwarku ba ta taɓa jifana da wannan maganar ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Inna ta rasu tana kiran kwarin nan gonarmu. Arzika ya zama mushen istuwar, aka tura shi can gabas mai nisa. Yana aiko abin da ya samu, ga shi da nashi iyalin. In ya zo gida, kun lura ba ya bin hanyar kwari, sai shi zagaya ta bayan makabarta. Ku daina cewa ya ci gona. Shi ma yana biya, irin nashi biyan. Gidan Baba Tankari kuma kada ku riƙe su a rai. Tsohon ya zo sunan kowane ɗayanku har ƙafarshi ta gaza, kuma shekarar da muka fi shan wuya an ajiye hatsi a ƙofarmu ba a faɗi wanda ya aiko ba.

Da muka gama girbi, saura kwana guda kamyon da ke kwasar ƴan kolej shi wuce, na wanke ƙafa bayan la'asar na tafi zauren Baba Tankari. Ya dube ni, ya san abin da na zo da shi tun ban zauna ba.

"Ka yi tunani, Nomau?"

"Na yi, Baba. Yaro zai koma."

"Jigawa ba ta ciyar da gida."

"Na sani."

"Ubanka da bai yi haka ba."

"Wataƙila."

Ya yi ta zana ƙasa da bakin sandarshi. Can ya ce mu kwashe karanmu, namu ne, kuma mu bar awakinmu su ci harawar har ta ƙare. Na yi godiya. Na gode mishi da abin da gidansu ya yi ma kakanmu, kuma da gaske nake. Da na miƙe ya ce:

"In ya zo hutu shi zo shi gaishe ni. Shi bar takardar a gida."

Na komo na iske su a tsakar gida. Na ce ma Arzika shi jawo akwatinshi shi ɗaure. Ya fara magana, na ce ba shawara na zo yi ba, an riga an gama. Tani ta dube ni, ta dubi cikinta, ta ci gaba da tankaɗe. Inna ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Da gari ya waye na ɗora akwatin bisa jaki, na soke gatari a gefen kaya, muka kama hanyar Kore Mairuwa. Kamyo ya zo cike da yara da buhuna. Arzika ya kama ƙarfen hawa ya juyo, bakinshi na motsi. Na ce hau, ana jiranka. Na tsaya har ƙarar ta ɓace. Daga nan ban biya gida ba. Na ƙetare burtali, na ɗaure jaki a inuwa, na tofa yawu a tafi, na fara da sabarar da ke kusa da ni.